Daga Jogana Zuwa Haɗejiya Cikin Numfashi Ɗaya

Ranar Talatar da ta wuce, bayan an tashi daga darasi, na ji 'yan ajinmu suna rabon sassan asibiti da baki, kowa yana faɗin inda yake so a tura shi. Wata ta ce ita sashen kunne da hanci da maƙogwaro take so, don a can babu aiki sai ciro wake daga hancin yara da wanke kunnen tsofaffi. Aka yi dariya. Ina kujerata ta baya, ban tanka ba. Na girme ku duka. Na dawo karatun digiri ne bayan shekara ashirin da 'yan kai ina aikin jinya a wannan sashen da kuke yi wa dariya, amma har yau magana cikin taro nauyi take yi mini. Shi ya sa na rubuta.

Kayan aikin da aka fara ba ni buroshi ne. Asibitinmu yana Nassarawa GRA, tsohon gida ne mai dogon baranda da bishiyoyin maina, aka mayar da shi asibiti. Ranar da na fara, shugabar masu jinyar sashen, Hajiya Binta, ta miƙo mini wani lanƙwasasshen bututu wanda bai kai tsawon yatsa ba, da siririn buroshi, da kwanon ruwan gishiri. Ta ce, “Rahila, wanke.” Na wanke na kawo. Ta ɗaga shi saitin taga, ta leƙa ta ciki, ta dawo mini da shi. Sau huɗu muka yi haka.

Bututun nan shi ake sa wa mutumin da aka huda wa wuya don ya yi numfashi. Biyu ne a haɗe, na waje da na ciki. Na waje yana zaune a wuya, an ɗaure shi da igiya. Na ciki ana zare shi a wanke a mayar. Hancin mutum yana jiƙa iska kafin ta sauka huhu, ramin wuya ba ya yin haka. Majina takan bushe a cikin bututun ta yi tauri kamar ƙanzo, kuma a zafin Kano ba ta ɗaukar lokaci. In ta toshe shi, mutum zai shaƙe a kan gadonsa, kuma ba shi da muryar kiran kowa. Mako uku na yi ina wanke bututu kafin Hajiya ta bar ni na taɓa wuyan majinyaci.

Bayan buroshi sai kunne. Takan tsayar da ni a bakin ƙofar ɗakin majinyata ta ce in rufe ido. “Gado na nawa?” Ni kuwa sai ƙarar fanka nake ji. A hankali na koyi rarrabewa. Akwai numfashi mai laushi, akwai mai gurgura wanda yake neman a zuƙe majina da inji, akwai kuma wani siririn fito, kamar iska tana bi ta tsagar ƙofa. Hajiya ta ce, “In kika ji wannan, ko allura ce a hannunki, ajiye ki ruga.”

Abu na uku kati ne. Ramin wuya iri biyu ne, kuma a ido ba su da bambanci. Wani an huda masa ne kawai, maƙogwaronsa yana nan, hancinsa da bakinsa har yanzu suna haɗe da huhu. Wani kuwa ciwon daji ya ci maƙogwaron, an cire shi gaba ɗaya har da wurin da murya take fitowa, an ɗinke hanyar iska da fatar wuya. Irin wannan, ko silinda guda ta oksijin ka juye masa a hanci, ba abin da zai isa huhunsa. Hajiya takan yanka jan kwali ta rubuta da manyan baƙaƙe, da Hausa da Turanci: TA WUYA KAƊAI YAKE NUMFASHI. Ta rataya a kan gadon. Da ta ga rubutuna ya fi nata kyau, sai rubuta katin ya zama aikina.

Masu wannan ciwon ba sa zuwa da wuri. Murya ce take fara dusashewa, sai a ce sanyi ne. A sha zuma da citta da kanumfari, a je kemis a sayo maganin tari, wani a kai shi wurin wanzami a cire masa beli. Sai an yi wata da watanni, abinci ya fara tsayawa ko numfashi ya fara ƙara, sannan a zo mana. Ban taɓa yi wa kowa faɗa a kan haka ba. Wa zai zaci dusashewar murya za ta kai shi ɗakin tiyata?

Malam Dauda ya zo mana ana saura 'yan makonni a shiga kullen korona. Ɗan kamasho ne a tashar motocin Haɗejiya, gidansa a Tudun Murtala, shekararsa hamsin da wani abu, ya fi talatin yana shan taba yana kiran fasinja. Matarsa Hajara ce ta jawo shi. Babban likitanmu, Dokta Sulaiman, ya duba, aka ɗebi tsoka aka kai gwaji, sakamako ya dawo. Likita ya zaunar da su ya yi bayani dalla-dalla: za a cire maƙogwaron, zai rayu in Allah ya yarda, amma murya ta tafi ke nan.

Malam Dauda ya juyo gare ni ina rubutu a gefe. Da guntuwar muryarsa mai kama da gogar takardar yashi ya ce, “Sista, tun da muka shigo ban ji kin ce uffan ba. Ke da ba kya amfani da taki an bar miki, ni da nake ci da tawa za a karɓe. Ko za mu yi musaya?”

Hajara ta ce, “Malam, ka ji tsoron Allah, a nan ma sai ka yi?”

“To a ina zan yi? Kwanakina nawa suka rage na surutu?”

An sa masa rana. Kafin ranar ta zo aka rufe gari.

A shekarar nan aikinmu ya zama abin gudu a asibiti. Cutar a hanci da maƙogwaro take zama, mu kuwa nan ne wurin aikinmu. Kowane tari na mai ramin wuya feshi ne a fuskar wanda yake tsaye kansa. Aka ce a dakatar da duk tiyatar da ba ta gaggawa ba. Amma ciwon daji bai san an yi kulle ba. Wasu da ya kamata a tura wani gari a gasa musu ciwon da na'ura, hanya a rufe take. Hajiya Binta kuma, saboda shekaru da ciwon suga, aka ce ta zauna a gida. Ta bar mini makullin kabad da jerin sunayen waɗanda suke jira, mutum bakwai.

Duk Litinin da Alhamis nakan kira su a waya. Da na tambayi Malam Dauda jiki, sai ya ce da sauƙi, ko da yaushe da sauƙi. Na gane ba zan sami gaskiya ta nan ba. Sai na ce, “Malam, ka ja numfashi ɗaya, ka kira mini garuruwanka kamar kana tasha. Kada ka sake ja sai ya ƙare.”

Ya yi dariya har ya sarƙe. Sannan ya fara: “Jogana, Gezawa, Zakirai, Ringim, Taura, Gujungu, Haɗejiya!”

Na rubuta a littafina: ya kai Haɗejiya. Bayan mako biyu a Taura yake tsayawa. Sannan Ringim. Yakan ce, “Sista, mota ta lalace a Ringim, fasinja su sauka su tura.” Wata Alhamis cikin azumi ya ce Jogana, ya ce Geza, sai na ji siririn fiton nan ta cikin waya. Na ce ya ba Hajara. Ta ce kwana biyu ke nan a zaune yake barci, in ya kwanta sai ya zabura.

Na kai wa Dokta Sulaiman littafin, na buɗe shafin na ajiye a gabansa. Ya bi layin garuruwan da yatsa daga sama zuwa ƙasa, ya ce, “A kawo shi yau.” Aka rubuta takardar wucewa saboda shingayen hanya, motar asibiti ta je Tudun Murtala.

Kwana biyu muka jira sakamakon gwajin korona, yana zaune a gado da oksijin, kayan huda wuya a shirye a gefensa ko da abin ya ƙwace. Gwaji ya nuna ba shi da ita. Duk da haka da cikakkiyar shiga muka yi aikin, don gwaji yakan yi kuskure. Mu biyar kawai aka bari a ɗakin tiyata, ni ce mai miƙa kayan aiki. Riga kan riga, safar hannu biyu, takunkumi mai matse hanci, gilashi, da garkuwar roba a fuska. Gilashin likita yana yin hazo, ba damar gogewa. Ba ma jin maganar juna sosai, sai ya buɗe tafin hannu, ni kuma in san almakashi yake so ko abin matse jijiya, domin tun ina sabuwa na haddace matakan aikin daga littafi kamar karatun jarrabawa. An fara huda wuyan yana farke, da allurar kashe zafi kawai, don ba hanyar da bututu zai bi ta baki. Kafin a fara ya kalle ni ya ce, “Sista, ki riƙe mini canji.” Maganarsa ta ƙarshe ke nan da murya. Awa shida muka yi. Da na cire takalmin roba sai da na juye gumi daga ciki.

Aiki ya yi kyau. Na rubuta jan kati na rataya. Abinci ta robar hanci ake ba shi, kunu da madara a sirinji. An hana 'yan dubiya shiga, don haka Hajara takan zo ta tsaya a baranda, ta bayan gilashin taga, daga hantsi zuwa la'asar. Malam Dauda bai yi boko ba, allon rubutun da muke ba irinsu bai amfane shi ba. Leɓensa Hajara take karantawa. Amma doka ta ce kowane majinyaci ya rufe hanci da baki, har da shi da iska ba ta bi ta nan. In yana son magana sai ya saci jiki ya ja takunkumin ƙasa.

Kuskuren da aka yi a rana ta biyar, da hannuna a ciki. Da safe masu feshin magani suka zo da sabon umarni: a cire duk wata takarda da kwali daga ɗakin majinyata, fayil ma a ajiye shi a ofis, don kada su ɗauki cuta. Na shigo na tarar an kwashe katina. Na ce a raina zan rubuta wani in sa a leda yadda za a iya goge shi. A ranar mu biyu ne a sashen maimakon biyar, sauran an killace su. Na ce sai an jima. Da azahar Dokta Sulaiman ya shiga wata tiyata, aka turo wani likita daga wani sashe ya riƙe mana. Mutumin kirki ne, kwana biyu bai je gida ba. Ya tsaya a ƙofa ya ce, “Sista, akwai wani abu?” Bayanin yana bakina. Na ga yana sauri, na ga ya girme ni a muƙami, na tuna na rubuta komai a fayil da jan biro har na ja layi biyu. Na ce, “Babu, Likita, duk yana cikin fayil.” Fayil ɗin kuwa yana ofis, a kulle cikin kabad.

Wajen la'asar na je ɗakin wanke kaya a ƙarshen baranda. Na tuɓe rigar kariya, takunkumi kawai ya rage a fuskata, ina wanke kwanuka. Sai na ji ana dukan gilashi. Hajara ce take buga taga da tafin hannu biyu tana cewa, “Wuyansa! Wayyo, wuyansa!” Gilashi a rufe, fanka tana juyawa, na ciki ba sa jin abin da take faɗa.

Tun daga ƙofa na ji fiton. Malam Dauda yana jingine, idanunsa sun firfito, yana yaƙushin zanin gado. Wuyansa a lulluɓe da jiƙaƙƙen bandejin da muke rufe ramin da shi, zani kuma ya hau kai. Likitan ya yi abin da aka koya wa kowane likita a duniya: ya kifa masa robar oksijin a hanci da baki, ya danne da hannu ɗaya, yana matsa jakar iska da ɗayan. Lambar na'urar auna oksijin da ke yatsan Malam Dauda tana ta sauka. Likitan yana cewa a ƙara buɗe silinda.

Ban san ina da irin wannan muryar ba. Daga baya mai gadi ya ce har bakin get ya jiyo.

“Likita, cire hannunka! Ba ta nan yake numfashi ba! Matsa!”

Ya matsa. Na yaye zanin, na fizge bandejin, na murɗa bututun ciki na zare. A toshe yake ƙam, busasshiyar majina da jini kamar an cusa ƙwallon dabino. Na ɗiga ruwan gishiri a ramin, na taka injin zuƙa, na zura roba. Ya yi wani tari da ya watsa mini har goshi. Na karɓe robar oksijin daga hannun likita na ɗora a wuyan. Muka tsaya muna kallon na'ura. Lamba ta tsaya, ta yi kamar tana shawara, sannan ta fara hawa.

Likitan ya zauna a bakin gadon da ke kusa. Sannan ya ce, “Sista, me ya sa ba ki gaya mini ba?”

Na ce, “Laifina ne, Likita. Na rubuta, ban faɗa ba.”

Ya ce, “Ni ma ban ɗaga zanin ba.” Ya tashi ya buɗe gilashin taga da kansa, ya ce wa Hajara, “Hajiya, ki yi haƙuri. Ke kika fi mu gani.”

Ita ba ta ma saurare shi ba, mijinta take kallo. Leɓensa yana motsi a hankali. Ta goge ido da gefen mayafi, sai ga dariya ta kuɓuce mata.

Na ce, “Me yake cewa?”

“Wai ashe kina da murya kika ɓoye. Wai da a tasha kike, da kin kashe masa kasuwa.”

A yammacin nan na cire takunkumin daga fuskarsa na ɗaura shi a wuya, kan jiƙaƙƙen bandeji, inda iskarsa take shiga da fita. Da Dokta Sulaiman ya fito ya gani ya ce haka za a riƙa yi wa duk irinsa. Na rubuta sabon kati na sa a leda. Na kuma kira Hajiya Binta na gaya mata duk abin da ya faru, ban rage komai ba. Ta ce, “Kati ba ya ihu, Rahila. Na koya miki rubutu na manta ban koya miki buɗe baki ba.” Ni kuma aka killace ni kwanaki saboda tarin nan, gwaji ya fito lafiya.

Kafin a sallami irin Malam Dauda akwai karatu mai yawa, kuma rabinsa ba ya cikin littattafanmu. Ni Kirista ce, mutuniyar Zariya, a wurin majinyata na koyi abin da zai dame su a gida. Ba zai iya shaƙa ruwa a alwala ba, sai dai ya shafa cikin hancin da jiƙaƙƙen yatsa, ya kuma tambayi malaminsa. In zai yi sujada, ramin yana kusa da darduma, dole a riƙa kakkaɓe ta kuma wuyan ya kasance a rufe. Wanka daga kafaɗa zuwa ƙasa, ba a sheƙa ruwa daga ka. Ba zai ji warin hayaƙi ko na gas sosai ba. Ba zai iya hura shayi ba. Hajara ta koyi wanke bututu, na ɗaga saitin taga na dawo mata da shi sau uku, ta ce, “Sista, ashe ke ma muguwa ce.” Ta ɗinka masa ƙyallayen wuya kala-kala, kowanne ya dace da hularsa. Sai da muka ba shi takarda ya riƙa yawo da ita, don a shingen hanya an sha tsare shi ana tambayar me ya sa ya sa takunkumi a wuya.

Cikin mutum bakwai da Hajiya ta bar mini, ba duka suka ga buɗe gari ba. Akwai wata malamar makaranta daga Giginyu mai ciwo a harshe, wadda kafin a samu a yi mata aiki abin ya wuce inda wuƙa take kaiwa. Ita ba ni da garuruwan da zan sa ta kira. Sunanta yana nan a littafina.

Yanzu ni nake riƙe da makullin kabad. Duk wanda aka turo mini cikinku, buroshi zan fara ba shi. Bayan haka, a duk lokacin miƙa aiki, zai tsaya a ƙafar gado ya faɗa da ƙarfi yadda na ƙofa zai ji, ko farfesa ne a tsaye, ko yana sauri: wannan ta wuya kaɗai yake numfashi. Ni ma haka nake yi, kuma har yau sai na haɗiyi yawu kafin in fara.

Malam Dauda ya koma tasha. Wani ne yake kiran fasinja, shi yana tsara kaya a but, in mota ta cika ya daki rufinta sau biyu da tafin hannu, direba ya tashi. Duk wata shida Hajara tana kawo shi a duba wuyan. Zuwansu na ƙarshe, bayan likita ya gama, ya tsaya a gaban teburina ya ƙwanƙwasa. Na ɗago. Ya nuna leɓensa, ya fara. Yanzu ni ma ina ɗan iya karantawa. Jogana, Gezawa, Zakirai, Ringim, Taura, Gujungu, Haɗejiya. Bai tsaya ba, leɓen ya ci gaba da motsi, na rasa inda aka nufa.

Hajara ta ce, “Ya wuce Haɗejiya, ya zarce garin Malam Madori. Wai ki rubuta.”

Na buɗe littafin na rubuta.